Haƙurin da Ke Cikin Injin Panigale

A gefen yammacin birnin Bologna, can arewacin Italiya, akwai wata unguwa mai suna Borgo Panigale. Nan masana'antar Ducati take tun shekarun 1930, kuma sunan unguwar aka raɗa wa babur ɗin da kamfanin ya fi tinƙaho da shi. Samfurin Panigale V4 ya shiga kasuwa a 2018 da inji mai silinda huɗu, girmansa sisi 1,103, yana ba da ƙarfin doki 214. Ƙarfin Boxer ɗin da ke yawo a titunanmu bai wuce na doki takwas ba, ko kusa da haka. Ke nan an tara ƙarfin Boxer fiye da ashirin da biyar a cikin babur guda, wanda ko an cika masa tanki nauyinsa bai kai kilo 200 ba. Mai kallo daga nesa jan fenti yake gani, ya ji ruri, kafin ya waiga abin ya ɓace. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan babur yana ɓoye ne a ƙarƙashin murfin inji, inda ake auna ƙarfe da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

Kafin a fahimci Ducati sai an fahimci yadda inji ke numfashi. Fistin yana sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita ta cikinsu su ne bawul, wasu 'yan ƙarafa masu faffaɗan kai da siririyar ƙafa. Kowace silinda ta Panigale tana da huɗu, biyu na shiga biyu na fita, jimilla goma sha shida. Injin yana kai ƙololuwar ƙarfinsa ne idan yana juyi sau 13,000 a minti ɗaya, kuma tun da bawul na buɗewa sau ɗaya a kowane juyi biyu, lissafi ya nuna kowannensu yana buɗewa ya rufe sau 108 a daƙiƙa guda. A duk wannan saurin fistin yana zuwa dab da bawul. In bawul ya yi jinkirin komawa ko da ƙiftawar ido, fistin zai same shi a hanya, kuma ranar injin ya gama aiki.

A kusan kowane inji na duniya, wata sanda mai tozo-tozo da ake kira kamshaf ce ke juyawa tana danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya mayar da shi. Kamar ƙofar shago ce mai sifirin: ka tura ka wuce, ta rufe kanta. Muddin mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya lafiya lau, amma in aka yi ta bankaɗa ta ba ƙaƙƙautawa, sai ta kasa komawa kafin na baya ya iso. Haka sifirin ke yi idan juyi ya yi yawa: ya fara rawa, bawul ya daina bin tozon da ke tura shi, ya riƙa lilo a tsakani. A shekarun 1950 matsalar ta fi tsanani, domin ƙarfen da ake yin sifirin da shi bai kai na yau inganci ba, yana gajiya ya karye a tsakiyar tsere. In an sa mai tauri don ya yi saurin mayarwa, sai injin ya ɓata wani kaso na ƙarfinsa wajen danne shi, tozon kuma ya yi saurin cinyewa.

Mutumin da ya ɗauki wannan matsala ya mai da ta aikin rayuwarsa shi ne injiniya Fabio Taglioni, haifaffen garin Lugo a 1920, wanda ya shiga Ducati a 1954. A lokacin kamfanin bai daɗe da fara harkar babur ba. Da kayan rediyo ya soma a 1926, jiragen yaƙi suka rusa masana'antarsa a 1944, bayan yaƙi ya farfaɗo da wani ɗan inji mai sisi 48 da ake ɗaura wa keke, mai suna Cucciolo. Shawarar Taglioni ita ce a raba sifirin da wannan aiki gaba ɗaya. Kowane bawul ya samu tozo biyu da 'yan hannuwan ƙarfe biyu, waɗanda kanikawa ke kira roka. Roka ta farko tana danna kan bawul ya buɗe. Ta biyu bakinta a tsage yake, ta rungumo ƙafar bawul ta ƙarƙashin wani ɗan zobe, tozonta na juyowa sai ta ɗago shi ta mayar mazauninsa. Buɗewa da rufewa duk ƙarfe ne ke yin su, a kan lokacin da aka zana musu, komai saurin juyi. Wannan tsari shi ake kira desmo. Ba Taglioni ne ya fara tunaninsa ba, don motar tseren Mercedes da Juan Manuel Fangio ya tuƙa a 1954 da 1955 tana da irinsa. Shi dai ya ƙanƙantar da shi ya shiga kan injin babur, ya kuma tsaya a kansa har ya zauna. Babur ɗinsa mai sisi 125 ya ci tseren Hedemora a ƙasar Suwidin a 1956, a 1968 desmo ya shiga baburan sayarwa, a 1972 kuma Paul Smart ya lashe tseren mil 200 na Imola a kan mai sisi 750, Bruno Spaggiari na biye da shi a kan irinsa. Daga ranar duniyar tsere ta fara ɗaukar Ducati da muhimmanci.

Gaskiya ita ce sifirin na zamani ya inganta ƙwarai. Baburan Japan suna kai juyi mai yawa da shi ba tare da matsala ba, kuma ita kanta Ducati ta sa sifirin a injin Multistrada V4, babur ɗin doguwar tafiya, wanda sai ya ci kilomita 60,000 kafin a duba bawul ɗinsa. A gasar MotoGP abokan hamayyarta da matsattsiyar iska suke rufe nasu. To me ya sa aka riƙe desmo a Panigale? Saboda yana ba mai zana inji damar da sifirin ba ya bayarwa cikin sauƙi: a buɗe bawul farat ɗaya, a riƙe shi a wangale, a rufe shi farat ɗaya, silinda ta cika da iska sosai ko a juyi mai tsanani. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi ga babur ɗin da aka yi domin fili. Kuɗin da ake biya shi ne wahalar gyara, kuma a nan ne ake gane bakanike.

Duk kilomita 24,000 ake buɗe kan injin Panigale V4 a auna ratar da ke tsakanin tozo da roka. Inji mai sifirin rata ɗaya ake aunawa a kowane bawul. Desmo biyu ne, ta buɗewa da ta rufewa, wato awo talatin da biyu. Bakanike yakan bar babur ya kwana ya huce sarai, domin ƙarfe mai ɗumi yana kumbura ya ba da awon ƙarya. Ya cire rigar babur, da tanki, da duk abin da ya lulluɓe kawunan injin, yana jera kowane noti a inda zai gane shi. Ya wanke wurin tas kafin ya ɗaga murfi, don ko ƙwayar yashi kada ta faɗa. Sai ya juya injin da hannu a hankali har fistin ɗin da zai yi aiki a kansa ya kai can sama, bawul ɗinsa duk a rufe.

Abin awonsa wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ne da aka haɗa su a ƙugiya ɗaya, kowanne an rubuta kaurinsa a jiki. Yana zura ganye ɗaya cikin ratar. In ya shige salun-alun, ratar ta fi shi faɗi. In ya ƙi shiga, ta fi shi ƙunci. Wanda ake nema shi ne mai shiga yana ɗan jan jiki, kuma sanin wannan ɗan ja ba ya cikin littafi, a yatsu yake zama bayan an yi ta yi shekara da shekaru. Kowane awo sai ya rubuta a takardar da ya zana wa gida talatin da biyu. Wanda ya ce zai riƙe su a ka, ko ya saurari ƙarar inji ya ce ai lafiya take, ya bar wa mai babur matsalar da za ta same shi a kan gudu.

Ba a ɗaure noti a gyara wannan rata kamar yadda ake yi a ƙananan babura. Wasu 'yan woshoshi ne masu kauri daban-daban ake canzawa. A ce awo ya nuna 0.20 na milimita alhali littafin kamfani 0.15 yake so: sai a zaro woshar da ke ciki, a auna ta da ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, a nemo wadda ta fi ta kauri da 0.05. Ta buɗewa tana zaune a kan bawul kamar hula, cire ta ba wuya da zarar an ɗauke kamshaf. Ta rufewa ce mai gwada haƙuri. Wasu 'yan ƙananan rabin zobe guda biyu ne ke riƙe da ita a cikin wani tsagi da ke jikin ƙafar bawul. Sai an danne roka ƙasa, an zame woshar, sannan a tsamo rabin zoben da ɗan maganaɗisu. Kafin ya taɓa su, ƙwararre ya riga ya toshe ramukan da baƙin mai ke komawa ƙasa ta cikinsu, domin in ɗaya ya suɓuce ya bi ramin, sai an nemo shi a cikin inji ko da za a farke shi duka. Yana kuma barin fistin a sama don ya tare bawul kada ya zurma cikin silinda. Waɗannan dabaru biyu ba sa ɗaukar minti biyar, amma su ke raba wanda ya koyi aikin da wanda ya kalla kawai.

Me ya sa ake wannan tsanani? In ratar buɗewa ta yi ƙunci, bawul ba zai zauna daram ba idan ya yi zafi, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. In ta rufewa ta yi ƙunci, roka da tozo su riƙa gugar juna suna cin kansu. In ta yi faɗi, bawul ya riƙa dukan rabin zoben nan har su lotsa, injin ya daina zama lafiya in an saki totur. Bayan an canza abin da za a canza, a mayar da kamshaf a kan taimin ɗinsa, a juya injin da hannu a ji ko akwai inda yake cijewa, sannan a sake auna talatin da biyun tun daga farko. Aikin yakan ci yini, wani lokaci ya wuce.

Ƙasan injin ma akwai hikima. Silinda huɗun an jera su biyu gaba biyu baya, tsakaninsu kusurwa mai digiri 90. A wannan kusurwa girgizar da fistin ɗaya ke haifarwa ɗan'uwansa yana kashe ta, don haka ba a buƙatar ƙarin sandar daidaita girgiza da za ta ƙara nauyi. Faɗin kowace silinda milimita 81 ne, daidai da iyakar da dokar MotoGP ta sa, domin daga injin tseren Desmosedici aka ɗauko zanen. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, baya take juyi, kishiyar tayoyi. Ka riƙe tayar keke ta tsakiya, wani ya juya maka ita da ƙarfi, ka gwada karkatar da ita, za ka ji tana gardama. Duk abin da ke juyi haka yake. Tayoyin babur a kan gudu suna ƙin kwanciya, to sai aka sa karanshaf ta juya ta ɗaya gefen don ta rage wannan gardama, babur ya fi saurin faɗawa kwana. Tana kuma taimakawa wajen danne gaba idan an murɗa totur. Farashin wannan shi ne ƙarin haƙori guda a cikin inji da zai mayar da juyin daidai kafin ya isa taya, kuma injiniyoyin sun ga ya cancanta.

Sai yadda wuta ke tashi. A zagaye ɗaya na digiri 720, silindojin suna fashewa a 0, da 90, da 290, da 380. Biyu a jere, ɗan hutu, biyu a jere, sannan dogon hutu na digiri 340. Shi ya sa muryar Panigale take da kauri da gurnani, ta bambanta da kukan baburan Japan masu silinda huɗu a layi ɗaya. Amfanin ya wuce daɗin kunne: a cikin waɗannan hutu tayar baya tana samun sararin sake kama kwalta, mahayi kuma yana jin abin da take ciki ta hannunsa da mazauninsa.

Sauran jikin an yi shi ne a kewayen injin. Babu firam mai zagayewa daga gaba zuwa baya. Wani guntun alminiyam ne ya riƙe wuyan babur, aka ɗaure shi a kawunan injin, injin da kansa ya zama ƙashin baya. Birkin Brembo ne, faifai biyu a gaba masu faɗin milimita 330, tayoyin Pirelli, samfurin S kuma yana da shok na Öhlins da kwamfuta ke sassautawa ko ta ƙara masa tauri ana cikin tafiya. Daga 2020 aka sa wa kowane Panigale V4 'yan fukafukai a gefe, waɗanda aikinsu danne babur ƙasa, kuma kamfanin ya ce a gudun kilomita 270 a sa'a suna ɗora wa gaba nauyin kilo 30. A ciki akwai wata 'yar na'urar Bosch da ke auna karkata da jijjiga ta fuska shida, tana gaya wa kwamfuta ko babur a tsaye yake ko a kwance, don ta san yawan ƙarfin da za ta bari ya isa taya.

Wanda ya hau shi cikin gari ba zai ga alherinsa ba. Hannuwa suna ƙasa, matakan ƙafa suna sama, nauyin jiki ya taru a wuyan hannu. Zafin inji yana gasa cinya, har ma an tsara silinda biyun baya su riƙa mutuwa da kansu idan an tsaya inji ya yi zafi. Giyar farko kaɗai ta wuce kilomita 100 a sa'a. Mai saye don a gan shi a bakin shagon shayi zai sha wahalar banza, ya kuma bar tara cikin goma na abin da ya biya a kulle. Gidan wannan babur filin tsere ne, irin Mugello da ke cikin tsaunukan Toskana, mai tsawon kilomita 5.245 da kwana 15, inda Francesco Bagnaia, zakaran duniya na 2022 da 2023, ya sha yin nasara a kan Ducati.

Bi mahayi ƙwararre zuwa kwanar farko ta Mugello, wadda ake kira San Donato. Ya fito miƙaƙƙen layin da ya haura kilomita ɗaya, ƙirjinsa a kan tanki, haɓarsa a bayan gilashi, yana ɗaga giya da ɗan yatsan ƙafa ba tare da ya taɓa kuloci ko ya sassauta totur ba, domin na'ura tana yanke wuta na ɗan ƙiftawa ta bar giya ta shige. Yana dab da kilomita 300 a sa'a, kuma kusa da ƙarshen layin akwai ɗan tudu da ke sa babur ya yi sakayau. Idonsa na kan alamar da ya zaɓa tun zagayen farko. Yana isa gare ta sai ya miƙe zaune, iska ta daki ƙirjinsa ta fara rage masa gudu, ya matse tanki da gwiwoyi don kada nauyinsa ya zubo kan hannuwa. Da yatsu biyu yake kama birki, kuma ba ya fizga. Yakan fara da ɗan matsi, nauyi ya gangaro gaba, shok ya nutse, taya ta baje a kwalta, sannan ya matse da gaske har tayar baya ta riƙa shafar ƙasa da ƙyar. Cikin wannan hali yake sauke giya ɗaya bayan ɗaya.

Kwanar dama ce. Ya zame rabin mazauninsa zuwa dama tun kafin ya iso, sai ya tura hannun dama gaba kaɗan. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan hagu zai kai shi, amma haka babur mai gudu yake kwanciya: tayar gaba ta ɗan kauce hagu, jiki ya faɗo dama. Duk mai tuƙa babur yana yin haka ba tare da ya lura ba, ƙwararre kuwa da saninsa yake yi, ya san kuma gwargwadon da zai tura. Yana kwanciya yana sakin birki a hankali, domin wurin da taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wurin rabawa ake yi tsakanin tsayawa da juyawa: abin da kwana ta ɗauka, dole birki ya saki. Gwiwarsa tana shafar kwalta tana gaya masa iyakar kwanciyarsa. Kansa ya riga ya juya yana kallon mafita. A tsakiyar kwana yatsunsa sun bar birki, sai ya fara murɗa totur kaɗan-kaɗan yana tayar da babur, yana ƙara wuta gwargwadon yadda babur ke miƙewa. In ya yi gaggawa na'ura za ta rage masa ƙarfi ta cece shi daga zamewa, amma wanda fitilar na'urar ke yawan walƙa masa ya san hannunsa ne bai gyaru ba tukuna.

Bayan 'yan zagaye sai ya shigo rumfa. Kafin taya ta huce bakanike ya sa ma'auni ya karanta iskarta, ya durƙusa ya duba fuskarta: in robar ta narke sumul, zafi da iska sun yi daidai, in ta yayyage kamar an kankare ta, akwai abin gyarawa. Ya duba ɗan zoben roba da ke jikin shok ɗin gaba ya ga iya inda ya nutse. Mahayi ya faɗi abin da ya ji, a wace kwana, a shiga ne ko a fita. Abu ɗaya tak suke canzawa, ko iskar taya ko taurin shok da ɗan ƙiris, domin in an taɓa biyu ba za a san wanne ya yi aiki ba. Su rubuta abin da suka canza da lokacin da agogo ya nuna, a zare bargon ɗumama taya, ya sake fita.